Zauren Asusu: Araha iri biyu ce

 Wannan karon hirarmu kan hannun jari ce, don yaranmu sun fara nuna muna a salula wai kamfani kaza farashinsa ya faɗi, a saya tun da araha.

Hannun jari ɗan yanki ne na kamfani da ake saye da sayarwa, farashinsa na hawa da sauka kamar na tiyar hatsi. In ya faɗi, masu jari kan rabu biyu. Wasu su ce a sayar tun ba a tashi hannu wofi ba. Wasu su ce kasuwa ce ta raina kaya, a riƙe har ta dawo hayyacinta. To, wa ke da gaskiya? Ga labarin kamfani biyu.

Amazon na Amurka ya fara da sayar da littattafai ta intanet. A ƙarshen 1999 hannun jarinsa guda ya haura dala 100, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. A 2001 ya sauko wajen dala 6. Amma cikin shekarun nan cinikin kamfanin bai ragu ba, ya tashi daga dala miliyar 1.6 zuwa miliyar 3.1. Masu saye na ƙaruwa, tsoro ne kawai ya kama masu jari. Waɗanda suka riƙe sun ci riba, sai dai ku ji tsawon jiran: sai a 2009 farashin ya koma inda ya baro.

Na biyu kun san shi, Nokia na ƙasar Finland, salular da yawancinmu muka fara riƙewa. A ƙarshen 2007, cikin salula goma da ake saye a duniya kusan huɗu nasa ne, hannun jarinsa ya haura Yuro 25, wajen jikka 16 ke nan. Da ya fara faɗuwa, da yawa suka ce araha ta zo, suka riƙe, wasu har da ƙari. Ashe mutane sun koma ga wayoyin shafawa, iPhone da masu Android. A 2012 ya kasa Yuro 2, jikka guda da ƴan kai. A 2014 Microsoft ya saye sashen wayoyin. Nan haƙuri bai dafa dutse ba.

Mu manoma mun san wannan. Hatsi na araha da kaka don kowa ya fito da nasa, ba don ya lalace ba. Mai rumbu ta ajiye, da damina ta ga amfani. Amma waken da ƙwari suka shiga, araharsa ba ta ado, kullum ƙara zama gari yake. Amazon hatsin kaka ne, Nokia wake mai ƙwari. Wahalar ita ce, a ranar faɗuwa farashi kaɗai ba ya gaya maki wanne ne. Sai an buɗe buhu: ciniki na ƙaruwa ko raguwa? Bashi nawa ke kansa? Wani ya fito da abin da ya fi nasa?

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Kuɗin akwatinmu suna da ranar rabo, akwai mai jiran kuɗin taki, akwai mai jiran na lakkol ɗin yara. Kuɗin da ke da ranar komawa ba su iya jiran shekara goma. Don haka ko ɗanki ne ya kawo maganar, kada a taɓa na ƙungiya, kada a ci bashi don ita. Mai rarar kanta da ke sha'awa, akwai kasuwar hannun jari ta yankinmu, BRVM, a Abijan, ana shiga ta hannun dillalai masu izini. Lambar baƙo a WhatsApp kuwa, cinikin biri a sama ne.

A karanta wannan a wurin zubi don waɗanda ba su karatu su ji. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.