Kada Ku Ɓoye Wa Likita Kome Kafin Tiyata

 Kowaccenmu ta san hawan jini, amma kaɗan ne suka san cewa jini yakan faɗi ƙasa, musamman sa'ad da ake yi wa mai ciwon daji tiyata, ko na mama ne ko na mahaifa.

Awon jinin mai lafiya yakan kai wajen 120 bisa 80. In ya sauka ƙasa da 90 bisa 60, ya yi ƙasa ke nan. Allurar barci takan saki jijiyoyin jini, yanka kuma yana zubar da jini. Ga shi mai wannan ciwo galibi ta rame, ba ta cin abinci sosai, jininta ya ragu tun a gida. In jini ya daɗe a ƙasa, ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa ba za su sami rabonsu ba, har wata ta farka da ciwon ƙoda.

Kada wannan ya sa ki guje wa tiyata, ƙari ya yi ta girma. Akwai likitan da aikinsa ke nan, yana tsaye a kanki yana auna jinin, da ƙarin ruwa da magani a kusa. Sai dai ba ya duba, abin da kika gaya masa da shi zai yi shiri.

Saboda haka in an sa miki rana a Asibitin Barau Dikko nan Kaduna, ko an tura ki Shika, tattara duk magungunanki ki nuna masa. Faɗi na hawan jini, don akwai wanda akan dakatar ranar aiki. Faɗi jiƙo da saiwar da Inna ta kawo, ba abin kunya ba ne. In kina amai ko zawo, ko haila ta yi yawa, faɗi. Ki tambayi ƙarfe nawa za ki daina ci da sha, kada ki ƙara wa kanki azumi.

Maigida da dangi su je a gwada jininsu tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuma 'yan makaranta, ku raka iyayenku, ku karanta musu sunayen magunguna, ku rubuta abin da likita ya ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.