Fitilar taya ba ado ba ce

Tun da aka raba hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi gida biyu, direbobi sun samu filin taka mota. Sai dai gudu a kan kwalta mai zafi yana neman lafiyayyar taya, kuma a nan ne sakaci ya yi katutu. A motoci da dama da ke shiga Lafiya, wata ƙaramar fitila ruwan ɗorawa mai siffar kofaton doki tana ci a gaban direba, ya yi biris da ita.

Fitilar nan muryar na'urar lura da iskar taya ce, wadda ake kira TPMS. Iri biyu ce. A na farko, kowace taya tana ɗauke da ɗan ma'auni mai batir a gindin bawul, yana auna ƙarfin iska, yana aika saƙo ta rediyo zuwa kwamfutar mota. A na biyu, mota tana ƙirga juyawar ƙafafunta ta na'urar birkin ABS, domin tayar da ta sace kan ƙanƙance, ta riƙa juyawa fiye da sauran.

Asarar rayuka ce ta haifi wannan tsari. Bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, Amurka ta kafa dokar TREAD a 2000, kuma daga Satumban 2007 wajibi ne sabuwar ƙaramar mota ta yi gargaɗi idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Motocin tokumbo da yawa sun iso da na'urar.

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa, ta ɗauki zafi, har ta fashe ana tsakiyar gudu. Batirin ma'aunin kuma yakan ƙare cikin shekara biyar zuwa goma, ko mai faci ya karya shi garin ɓare taya daga rim. Daga nan fitila ta zauna a kunne, direba ya daina gaskata ta.

Ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa reshen Nasarawa ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW wajen horar da masu faci. Direba kuwa ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, ya bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofarsa. Fasinjojin da ke bayansa amana ce a hannunsa.