Kafin ka shiga tsohon rami neman kuɗin rajista

Hutun da ya wuce na je gida Rogo, na tarar ɗan baffana yana haɗa jaka. Shi ma ɗalibi ne kamar mu. Wai zai bi wasu samari wurin haƙar zinare, ya yi wata guda ya haɗo kuɗin rajista. Abin da ya tayar min da hankali shi ne dabararsu: ba sabon rami za su haƙa ba, tsoho za su shiga, wai an riga an yi musu rabin aiki.

To ni fa tsohon na fi tsoro. Ramin da ka haƙa da hannunka ka san inda ƙasarsa take da laushi. Wanda ka tarar kuwa ba ka san komai a kansa ba. Itacen da aka tokare shi da shi gara ta cinye cikinsa, a ido ka gan shi lafiya lau. Ruwan damina biyu ko uku ya jiƙa bangon. Masu zuwa daga baya kuma sukan sare ginshiƙin da na farko suka bari ya riƙe rufin, don a nan ragowar zinaren yake. Sannan ga matsalar iska. A gindin ramin da ya daɗe ba a shiga ba, iskar numfashi takan ƙare, ba wari, ba alama. Mutum ya sauka ya zube, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma ya zube. Ai ko tsofaffin masu yasar rijiya a ƙauyenmu ba sa sauka sai sun zura fitila sun ga ba ta mutu ba.

A Nuwamba 2021 ramin zinare ya rufta a Garin Liman, kusa da Ɗan Isa a jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. Ba wata duniya ba ce, nan ne bayan Jibiya.

Na san abin da wani zai ce: da me za mu biya makaranta? Gaskiya ne, wallahi ni ma na ga tasku kafin in kawo ajin ƙarshe. Shi ya sa nake roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta nemi a riƙa karɓar kuɗin rajista kashi biyu. Mu 'yan ajin ƙarshe kuma, maimakon kwafo furojet daga intanet, me zai hana masu karatun safiyo su auna ramukan da aka ɗebi ƙasa da yashi aka watsar a Ƙaraye da Rogo, su kai wa ƙaramar hukuma da masu gari taswira? Da damina cika suke yi, yara suna wanka a ciki.

Ɗan baffan nawa dai bai ji ba, ya tafi. Kwana huɗu ke nan wayarsa ba ta shiga. Inna ta ce ƙila caji ne babu.