Kafin Ka Sayi Sabon Batirin Sola, Ka Sayi Mita

A ƙarshen hunturun da ya wuce wani abokina mai shagon cajin waya a Faskari ya kira ni da daddare rai a ɓace. Inbatarsa tana ta kuka tana ɗaukewa, ga wayoyin mutane jibge a kan tebur, kowa na jiran tasa. Ya riga ya yanke hukunci cewa batiri ya mutu, har ya fara neman rancen da zai je Funtua ya sayo sabo. Na ce ya haƙura ya ari mitar gwada wuta wurin wani mai gyaran babur da safe. Da aka gwada, batirin na nuna bolt 12.5, lafiyarsa ƙalau. Notin da ke riƙe da jar waya a kan batirin ne ya saki, farin gari ya taru a ƙarƙashinsa. Sifana lamba goma da buroshin haƙori tsoho suka gama aikin da ya kusa cin kuɗin buhunan masara.

Ra'ayina a nan shi ne, duk matashin da ya haɗa sola a gida ko a shago a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ya kamata ya mallaki maltimita tun ranar da ya sayi batiri, ya kuma iya bin wuta daga tushe har zuwa inda ta tsaya. Al'adarmu ta cewa "batiri ne" da zarar wuta ta ɗauke tana cinye mana kuɗi, tana kuma barinmu babu waya a lokacin da muka fi buƙatarta.

Me ya sa abin ya fi damunmu a nan

Mutumin Kano ko Kaduna idan solarsa ta tsaya, mai gyara na bayan layi. Mu ba haka ba ne. Kowa ya san abin da fita daga ƙauyen Sabuwa zuwa Funtua ke nufi a shekarun nan, ga kuɗin mota ga fargabar hanya. Kuma wayar hannu a yankinmu ta wuce abin kallon TikTok. Da ita ake sanar da maƙwabtan gari an ga baƙin babura, da ita ake tura kuɗi, da ita ake jin lafiyar ɗan'uwan da ya kwana a gona.

Mun ɗanɗana rashinta. A watan Satumbar 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da ukun nan namu, kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sana'ar cajin waya a yankunan da matsalar tsaro ta fi shafa. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir. KEDCO ba ta da wutar da za ta raba. Wanda ke da farantin sola da batiri mai lafiya shi ne sarki a unguwa. To abin da ka dogara da shi har haka, bai kamata a ce ba ka san yadda ake duba shi ba.

Darasi daga masu jirgin ruwa

Haɗin solar da ke ɗakinka da na jirgin ruwa mai inji dangin juna ne. Dukansu batiri ne mai bolt 12, da abin da ke yi masa caji, da fiyus, da wayoyi biyu, ja da baƙa. Matuƙin jirgin da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar ruwa ba shi da shagon da zai shiga, don haka masu wannan harka suke da ƙa'ida guda: fara daga batiri, ka bi waya gaɓa bayan gaɓa, kada ka canza komai sai ka gano inda wutar ta yanke. Suna kuma yawan gargaɗi cewa sakin noti da tsatsa a mahaɗa su ne abin fara zargi. Su gishirin teku da girgizar inji ke lalata musu mahaɗa. Mu kuwa ƙura ce da zafi da tururin ruwan batiri.

Yadda za ka bi wutar

Ka juya mitar zuwa lamba 20 a ɓangaren da ke da harafin V mai miƙaƙƙen layi a kansa. Ka kashe inbata da komai, ka cire wayar faranti, ka bar batirin ya huta kamar awa guda. Sai ka ɗora jan tsinke a kan alamar ƙari, baƙi a kan alamar ragi, a jikin dalmar batirin kanta. Batirin ruwa ko na jel da ya cika yana nuna kusan 12.6 zuwa 12.8. Idan ka ga 12.2, saura kamar rabi. Idan ya yi ƙasa da 12, ya kusa ƙarewa. Amma batirin da ya ƙare daban, wanda ya mutu daban, kuma a nan mutane da yawa ke yin asara.

Sai ka kunna kaya ka sake gwadawa sau biyu, ɗaya a jikin dalmar batiri, ɗaya a bayan inbata inda wayoyin suka shiga. Idan batiri na nuna 12.3 amma bayan inbata na nuna 10.8, batirinka ba shi da laifi, wutar na ɓacewa ne a hanya. Lissafin mai sauƙi ne. Kaya masu cin wat 500 a kan bolt 12 suna jan sama da amfiya 40. Idan noti ya ɗan saki ko tsatsa ta shiga tsakani, bolt ɗaya ko biyu na iya zubewa a wurin su zama zafi, inbata kuwa ta ɗauka batiri ne ya ƙare ta kashe kanta. Ka taɓa kowace mahaɗa a hankali da bayan yatsa. Wadda ta yi zafi ita ce ɓarauniyar.

Idan kuwa a jikin dalmar batirin ne lambar ta rufta daga 12.6 zuwa 10 cikin 'yan daƙiƙu da ɗora kaya kaɗan, to nan kana da hujjar zargin batiri.

Idan batirin kullum a ƙasa yake, koma wajen caji. Da tsakar rana, ka cire wayar faranti daga kwanturola ka gwada ta ita kaɗai. Farantin da ake haɗawa da batiri mai bolt 12 yakan nuna kusan 20 zuwa 22, kuma ainihin lambar na rubuce a takardar da ke manne a bayansa. Idan babu komai, waya ta tsinke, ko ɓera ya ci, ko mahaɗa ta saki a kan rufi. Idan lambar ta fito, ka mayar da wayar ka gwada batirin yana caji. Ya kamata ya hau zuwa 13 da wani abu, har ya kai wajen 14.4 idan ya kusa cika. Idan bai motsa ba ko kaɗan, ka duba fiyus da kwanturola. Ka kuma hau ka kalli farantin da idonka. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsu da inuwar reshen darbejiya a kan kusurwa guda suna rage caji sosai alhali mita na nuna bolt daidai.

Ka riƙe wannan jerin: wajen haɗawa, batiri ake fara sa wa kwanturola kafin faranti. Wajen kwancewa, faranti ake fara cirewa. Juya shi na iya rikita kwanturola ko ya ƙona ta.

Laifukan da muke ɗora wa batiri

Sau da yawa ma mu ne muke kashe shi. Batiri mai amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda a lissafi, amma idan kana so ya daɗe, rabi kawai za ka riƙa sha. Wayar da ke da batiri 5,000mAh tana cin kusan wat 19 na awa guda kafin ta cika. Idan aka cire asarar inbata da caja, wayoyi kamar 25 ke nan a dare. Ka ƙara fanka da talabijin, ka tatse shi har inbata ta yi kuka kowane dare, sannan bayan 'yan watanni ka ce an sayar maka da jabu.

Ga kuma batirin mota da ake ɗaukowa a haɗa da sola saboda araha. An yi shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, ba don a yi ta zuƙarsa har asuba ba. Ga siririyar waya da ake ja daga batiri zuwa inbata, ko wadda cikinta alminiyon ne aka shafe da jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar ta jan ƙarfe zalla. Ka kankare bakinta da wuƙa, idan ka ga fari a ciki ka gane. Ga ajiye batiri a shagon kwano da bazara, alhali zafi na gajarta ransa. Ga zuba masa ruwan rijiya ko na leda maimakon tataccen ruwan batiri.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fiyus. Idan ya ƙone, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar cikin kwalin taba a ci gaba. Fiyus ba ya ƙonewa don ƙeta, wani abu ne ya ja wutar da ta wuce ƙima. Wasu haɗe-haɗen ma babu shi gaba ɗaya. Ƙa'idar masu ƙera jiragen ruwa a Amurka ita ce a sa fiyus cikin inci bakwai daga batiri, wato ƙasa da taƙi guda, domin batiri na iya mayar da waya garwashi idan ja da baƙa suka haɗu. Ɗakin da ke da katifa da labule ko rumfar kara bai fi jirgin ruwa tsira daga gobara ba.

Abin da masu gyara za su ce

Na san wasu za su ce ina koya wa yara shiga aikin da ba nasu ba, kuma ina rage wa masu gyara abinci. Akwai gaskiya a kashi na farko. Bolt 12 ba zai ja ka ba, amma batirin na da haɗarinsa. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, kada sifana ta taɓa kawunan batiri biyu lokaci guda, ka fara kwance baƙar waya. Kada ka kunna ashana ko taba kusa da batirin ruwa da ke caji, domin yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta. Kada ka juya mita zuwa ɓangaren A ka ɗora ta a kan batiri. Cikin inbata kuwa da duk abin da ke bayanta mai bolt 230 ba hurumin ɗan koyo ba ne, yana kisa. Batirin da ya kumbura ko yake warin ruɓaɓɓen ƙwai, ka cire masa caji ka matsa. Nan aikin gwani ne.

Kashi na biyu kuwa ban yarda ba. Mai gyara na ƙwarai ya fi son ka kira shi ka ce batiri 12.4, bayan inbata 10.9, faranti 21, da ka ce masa "wuta ta ƙi". Da lambobin nan zai san abin da zai ɗauko kafin ya hau babur, wataƙila ma ya warware maka ta WhatsApp ba tare da ya kama hanya ba. Wanda mitarka za ta rage wa ciniki shi ne mai cewa a canza batiri bai gwada komai ba.

Don haka ina kira ga masu haɗa sola a Funtua da Malumfashi da garuruwanmu su daina tafiya ba su bar wa mai gida komai ba. Su sa fiyus, su zana masa haɗin a takarda, su nuna masa wurare uku da zai ɗora mita. Kai kuma mai karatu, a makon nan tun solarka na aiki lafiya, ka gwada wuraren nan da safe da tsakar rana da dare, ka ɗauki hoton lambobin ka ajiye a wayarka. Ranar da wuta ta ɗauke, da su za ka kwatanta ka ga abin da ya canza.