A buɗe masu ƙofar anformatik, amma a aza mai gadi

Makon jiya wani Alhaji mai shagon kayan gini a babbar kasuwar Maraɗi ya tsaida ni, ya ce in raba masu gardama shi da ɗiyarsa. Yarinyar ta gama lisans ta fannin tattalin arziki, ta yi shekara biyu a gida tana jiran konkur na shiga aikin gomnati, yanzu kuma ta ce mastar take so ta yi a fannin ƙera lojisiyel, wato manhajojin da ke tafiyar da komfuta da wayar salula. Wata makaranta ta ce mata babu wurinta, tunda ba anformatik ta karanta ba. Wata kuma, ta kuɗi, ta ce ta zo gobe da safe da kuɗin rajista, ba a ko tambaye ta abin da ta sani ba. Alhaji ya ce: «Malam, wacce ke faɗa mani gaskiya a cikinsu?» Na ce masa babu ko ɗaya.

Mu soma da waɗanda suka rufe ƙofa, don suna da hujja. Tun da ƙungiyar UEMOA ta amince da tsarin LMD a 2007, karatun jami'a ya zama hawa uku: lisans shekara 3, mastar shekara 2, sannan dokta. Malamin anformatik zai ce maka mastar bene ce bisa lisans. Ɗalibinsa ya share shekara uku yana koyon algoritim, wato jera matakan warware matsala, da tsarin ajiyar bayanai, da yadda na'urori ke magana da junansu. Ya za a zaunar da shi aji ɗaya da wanda bai taɓa rubuta layi goma na umarnin komfuta ba? Ko a ja ajin baya, ko a bar baƙon a baya.

Gaskiya ne. Sai dai wannan hujja ta isa a gina matakala, ba ta isa a toshe ƙofa ba. Shi kansa fannin, ai ƴan ƙaura ne suka kafa shi. Sunan injiniyancin lojisiyel bai bazu ba sai bayan wani taro da aka yi a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, lokacin da kusan duk masu sana'ar daga lissafi, kimiyya ko injiniyancin lantarki suka fito. Tony Hoare, Baturen Ingila da ya ƙirƙiro dabarar jera bayanai ta Quicksort, ya kuma samu kyautar Turing a 1980, Latinanci da Girkanci da falsafa ya karanta a Oxford. Faransa, wadda muka kwafi tsarin karatunta har da kurakuransa, ta daɗe da mastar ta musamman da ake ce ma CCI, domin masu dipulom na wasu fannoni. Jami'o'in Ingila suna da irinta ta shekara guda. Ko nan maƙwabta Najeriya, inda ƴan kasuwarmu ke kai ɗiyansu karatu, akwai dipulom ta shekara ɗaya bayan digiri, PGD, wadda mai wani fanni ke bi kafin ya shiga mastar ta komfuta.

To, mu mi muke bukata? Ku duba inda komfuta ta riga ta shiga aljihunku. Ɗan kasuwar da ke fiton kaya, ta tsarin SYDONIA yake bi a duwan. Ma'aikatar haraji na neman takardar ciniki da na'ura ta tantance. Kuɗin da ake aika ma tsofaffi a ƙauye, ta na'urorin Nita, Amana ko Al Izza suke wucewa. Kontabul na kowane kamfani yana aiki da tsarin SYSCOHADA da aka sabunta, wanda ya fara aiki ran 1 ga Janairun 2018. Duk wannan da lojisiyel ake yin sa, kuma wani ne ya zauna ya rubuta shi.

Masu sana'ar sun san cewa rubuta umarnin ba shi ne wuri mafi wuya ba. Wuyar ita ce gane abin da ya kamata a rubuta. Ɗauki shagon Alhaji. Yana saida kaya da sefa, yana karɓar naira daga mutanen Jibiya da Katsina, canji kuma na motsi tsakanin safe da la'asar. Yana ba da siminti bashi sai kaka, wani ya biya da kuɗi, wani da buhun wake. Yana rage ma ɗan'uwa farashi ba tare da ya rubuta dalili ba. Injiniyan da bai taɓa riƙe littafin bashi ba zai kawo masa lojisiyel mai kyan gani wanda ke tsammanin kowa na biya nan take da kuɗi iri ɗaya, bayan wata biyu a koma ga kaye da biro. Haka zancen yake ga filaye. Wanda ya karanta shari'a, ya san dokar karkara ta 1993 da aikin kwamitocin filaye, ya san cewa gona ɗaya na iya zama gado ga wane, aro ga wane, jingina ga wane, shi ya fi cancanta ya tsara rajistar filayen komin, in dai ya iya aikin na'urar. In muka hana irin waɗannan mutane shiga fannin, za mu ci gaba da sayen riga ɗinkakkiya daga waje muna rage jikinmu don ta shige mu.

Amma fa in ya iya. Nan ne nake rabuwa da makarantar da ta ce a zo da kuɗin rajista. Lojisiyel maras kyau ba ya tsayawa ga ɓata lokaci, yana ɗaure mutane. A Ingila, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da ɗaruruwan masu riƙe da ƙananan gidajen waya gaban kotu bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, domin wani lojisiyel mai suna Horizon yana nuna giɓin kuɗi a inda babu giɓi. Wasu sun yi kaso, wasu sun saida gidajensu sun cike kuɗin da ba su ci ba, sai a 2024 majalisar ƙasar ta yi dokar wanke su. Ma'aikacin baitulmali ko mai riƙe da kes da ke karanta wannan shafi, ka sa kanka a wurinsu: na'ura ta ce akwai giɓi, sufeto ya yarda da na'ura. Wa kake so ya rubuta ta? Wanda ya sayi mastar cikin wata ashirin da huɗu ba tare da ya taɓa gwada aikinsa ba?

Abin da nake roƙon ofishin ministan ilimi mai zurfi da jami'o'inmu, daga Abdu Mumuni ta Yamai zuwa ta Maraɗi, Damagaram da Tawa, bai fi ƙarfinsu ba. A buɗe shekara guda ta share fage tsakanin lisans da mastar. A shiga da jarrabawar tunani da lissafi, ba da sunan fannin da mutum ya fito ba. Mai bak A da ya rabu da lissafi tun lise ya gwada sa'arsa kamar kowa. A cikinta a koyar da tushe kawai, da Ingilishi, tunda littattafan sana'ar da shi aka rubuta mafi yawansu. A ƙarshe kuma a ba su jarrabawa ɗaya da ƴan shekara ta uku na anformatik. Wanda ya ci ya hau mastar, ba alfarma. Wanda ya faɗi a ba shi shaidar abin da ya iya, ya kama gabansa da shekara ɗaya kawai a asara. Makarantun kuɗi su ma a ɗora masu wannan sharaɗi kafin a amince da takardarsu.

Ga ƴan'uwana ma'aikatan gomnati ina da magana mai ɗaci. Da yawanmu in muka nemi izinin tafiya ƙaro ilimi, girma da ƙarin albashi muke hange, fannin kuwa ko wane ne. In mastar anformatik ta zama sabuwar gajeriyar hanyar hawa mataki, an kashe ta tun ba ta tashi ba. Ma'aikatar da ta tura mutum ta ba shi matsala daga ofishinsa, jerin albashi ne ko rajistar haihuwa, ya dawo da maganinta yana aiki, sannan a yi zancen girma.

Wasu za su ce ai tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 na'ura ke rubuta ma mutum umarni, ina amfanin wahalar shekara guda? Tana rubutawa, kuma tana kuskure da fuskar gaskiya. Wanda bai da tushe ba zai gane ba sai kuɗin wani sun salwanta.

Alhaji dai na ce masa kada ya fidda ko dala tukuna. Ya ba yarinyar komfuta da littafin bashin shagon, ta koyi harshen Python da darussan kyauta da ke intanet, cikin wata uku ta kawo masa abin da zai faɗa masa wa ake bi, nawa, da sefa ko da naira. In ta jure zama gaban kuskure ɗaya kwana biyu ba ta yi fushi ba, ya nemi makarantar da ke jarraba ɗalibi kafin ta karɓi kuɗinsa, ya tambaya ko CAMES ta amince da dipulom ɗin, ya kuma nemi ganin aikin da ɗaliban bara suka ƙera da hannunsu. Ya ce littafin bashin ne ba ya so ta gani, don akwai sunan kawunta a ciki.