Ƙawar Mota da Wadatar Zuci

Duk wanda ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a birnin Kano zai tarar da samari suna cinikin ƙafafun alminiyom masu ƙyalli, da baƙin gilashi, da salansa mai ƙugi, domin su ƙawata Camry ko Honda da suka saya ta hannu, alhali birkinta ya cinye, tayoyinta sun suɗe. Ba na inkarin ado, gama Allah Mai kyau ne, Yana kuma son kyau. Amma hikima ta hukunta a gabatar da lafiyar inji da amincin rai bisa ƙawar fenti, domin kyan ɗan maciji ba ya hana shi dafi, kuma masu almubazzaranci, kamar yadda malamai suka karantar, 'yan'uwan shaiɗanu ne.