Magani Mai Funfuna Ba Magani Ba Ne

Jama'ar zango, akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu. Wanda ya zaga kasuwar Kumasi zai ga masu magani sun baza sabara da filasko da ɓawon maɗaci a kan tabarma, rana ta doke su, ƙura ta rufe su. Da yamma a tattara a cusa cikin leda, a jingine buhu a bangon da ke tsattsafo. In ka yi magana a ce maka wai itace ba ya lalacewa, wai tsohon magani ya fi ƙarfi. To, mu ba mu yarda ba.

Kakanninmu a Kano da Katsina suna da hunturu mai busar da kome. Nan kuwa damina biyu ce a shekara, iska cike da laima. Ganyen da bai bushe sarai ba in aka ɗaure shi a leda sai ya yi gumi, funfuna ta kama shi. Rana kuma tana kore man da ke cikin kanumfari da citta, shi ne ƙamshinsu, shi ne ƙarfinsu.

Kada a raina funfuna. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci abincin da aka haɗa da gyaɗa daga Barazil. Da masana suka bincika sai suka tarar da wani dafi da funfuna ke yi, suka sa masa suna aflatoksin. Yana cin hanta, yana jawo mata ciwon daji, tafasawa kuma ba ta kashe shi. Ashe mai neman lafiya zai biya kuɗinsa ya sayo cuta?

Wai kwalba tana da tsada. Ta kai hantar mutum tsada? Abin da muke roƙo kaɗan ne. A shanya ganye a inuwa har ya riƙa karyewa a hannu. A zuba a kwalba ko gwangwani mai murfi, a rubuta watan da aka ɗebo shi. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Wanda ya yi wari ko ya sake launi a zubar, kada a kankare a sayar, gama wannan algus ne.

Ku kuma masu saye, ku duba ku sansana kafin ku biya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu gane, amin.